Injin 1ZZ ɗan Beljiyam da na ɗora wa Vibe ɗita: abin da na gani cikin shekara biyu

Ni na kashe injin farko da hannuna, gara in faɗi wannan tun da wuri don kada a ɗora wa motar laifin da ba nata ba. Ranar ina dawowa daga Zariya cikin zafin bazara, na wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa. Tiyon ruwa na ƙasa ne ya tsage, amma lokacin ban sani ba. Maimakon in faka a nan, sai zuciya ta ce in lallaɓa zuwa Kura inda akwai masu gyara. Ban kai Kura ba. Motar ta fara sassarfa, ta mutu da kanta, na buɗe bonet tururi ya tare ni.

Aka canja gaskit, aka kai tof aka goge, muka yi wata huɗu muna lallaɓawa. Wata safiya na zaro sandar awon baƙin mai na ga ya koma kalar shayi da madara. Bakanikena ya duba, ya goge hannunsa, ya ce, "Alhaji, wannan injin alminiyam ne gaba ɗayansa, daga bulok har tof. In ya sha wuta sosai murɗewa yake yi, kuma ba ya komawa. Ko dai mu ci gaba da zuba kuɗi a rijiya, ko mu nemo ɗan Beljiyam." Haka na shiga neman inji.

Motar Pontiac Vibe ce ƙirar 2004, mai giya otomatik, mai jan gaba kawai. Wanda bai san Vibe ba zai ɗauka injinta na Amurkawa ne tunda tambarin kamfanin General Motors take ɗauke da shi. Ba haka ba ne. A masana'antar NUMMI da ke Fremont a jihar Kalifoniya aka haɗa ta, wadda a lokacin masana'antar haɗin gwiwa ce tsakanin General Motors da Toyota kafin a rufe ta a 2010, kuma in ka ɗaga bonet abin da ke ciki na Toyota ne. Tagwaye suke da Toyota Matrix, ita kuma Matrix a kan ƙashin Corolla aka gina ta. Wannan ne ya sa ko da aka rufe Pontiac a 2010 masu Vibe ba su shiga uku ba, kayan injin Corolla na 2003 zuwa 2008 suna shiga. Ina ganin shi ne ma sirrin yawanta a titunan Kano da Kaduna.

Sunan injin 1ZZ-FE. Lita 1.8 ne, ko in ana son ƙididdiga, cc 1,794. Silinda huɗu a jere, bawul 16, kamshaf biyu a sama. Faɗin silinda milimita 79, tafiyar fistin milimita 91.5, matsi 10 da 1. A irin shekarun motata ƙarfinsa doki 130 ne a takarda, a ƙirar 2006 zuwa 2008 kuma za ka ga an rubuta 126, ba don an rage masa komai ba, hanyar awon ce aka sauya a Amurka. Ba bel yake amfani da shi wajen taimin ba, sarƙa ce, kuma wannan kaɗai ya raba mai shi da fargabar tsinkewar bel da masu tsofaffin injina suka sani. Shi ya gaji 7A-FE a Corolla daga ƙirar 1998, shi kuma 2ZR-FE ya gaje shi a ƙirar 2009.

Cikin lambobin nan wadda ta fi bayyana halinsa ita ce 91.5. Tafiyar fistin ta fi faɗin silinda nesa, irin wannan inji kuwa ƙarfinsa a ƙasa yake, tun kana taɓa totur kaɗan yake ɗaukar motar. A cunkoson Kofar Nasarawa ko na Bata ba sai ka matsa masa ba. Amma in ka taka shi juyin inji ya haura 4,000 a minti sai ƙara ta fi gudu yawa. Zan dawo kan wannan.

Da muka shiga kasuwa ne na gane cewa "injin Corolla" ba suna ɗaya ba ne. Shagon farko da muka tsaya, yaron shago ya ja mu wajen wani inji fes, an wanke shi yana ƙyalli, da farashi mai sauƙi. Ni dai har na fara murna. Bakaniken ya durƙusa, ya tofa yawu a yatsa ya goge wani ɗan fili a jikin bulok, kusa da inda giya ke haɗuwa da shi, ya haska da fitilar waya. Abin da aka buga a wurin 3ZZ ne. Ya miƙe ya ce wa yaron, "Ɗan'uwa, wannan ai ƙaninsa ne." Yaron ya ce duk ɗaya ne, zai hau. Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren, zai hau ɗin. 3ZZ-FE lita 1.6 ne, 4ZZ-FE kuma lita 1.4, dukansu faɗin silindarsu milimita 79 kamar na babban wansu, tafiyar fistin ce aka gajarta. Daga waje ido ba ya raba su. Su ne a cikin Corolla da Avensis na Turai, shi ya sa suke da yawa a kwantenonin da ke zuwa daga can. In aka ɗora maka 1.6 a motar da kwamfutarta ta 1.8 ce, mota za ta tashi, za ta yi tafiya, amma kwamfutar tana lissafi da injin da ba shi ne a wurin ba, ga Vibe da nauyin jiki. Ka biya kuɗin babba an ba ka ƙarami. Don haka kafin a yi maganar kuɗi, a karanta abin da ke jikin bulok, ba abin da ke kan murfin roba na sama ba, wannan da kusoshi biyu ake canja shi.

Ko a cikin 1ZZ ɗin ma akwai aji-aji. Na 1998 da 1999 na Corolla ɗin Amurka ba su da VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul da matsin baƙin mai, sai daga ƙirar 2000 aka saka. Wanda ba shi da shi bai dace da motar da kwamfutarta ke neman sa ba. Na 2000 zuwa 2002 suna da shi, amma su da na gabansu su ne aka fi sani da shan baƙin mai. Dalilin sananne ne ga duk wanda ya taɓa buɗe su: hujojin da ke bayan ringin mai a jikin fistin, waɗanda mai ke komawa ƙasa ta cikinsu, ƙanana ne kuma kaɗan ne. In mai ya daɗe ba a juye ba sai ya ƙone ya toshe su, ringi ya maƙale, mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Wajen 2005 aka gyara fistin ɗin aka ƙara hujojin. Saboda haka muka ƙudura cewa na 2005 zuwa sama muke nema, ko da zai fi tsada.

Yadda muka gane shekarar shi ne ta maƙogwaron totur. Corolla da Vibe na 2003 da 2004 waya ce ke jan totur daga ƙafarka har inji. Daga ƙirar 2005 aka koma na lantarki, babu waya, soket ne da ƙaramar mota a jikinsa. Injin da muka samu a Kofar Ruwa, a shago na huɗu, da irin wannan na lantarkin ya zo, kusoshinsa ba alamar an taɓa kwance su. Mai shagon ya bari muka cire murfin bawul. Wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi. Cikin injin da aka kula da shi ruwan zuma ne, kana ganin ƙarfen kamshaf tas. Wanda aka yi wa rowar juye kuwa baƙin dasƙararren abu ne kamar kwalta a kowane lungu, kuma ko an wanke wajensa da fetur ciki ba ya ƙarya. Namu ruwan zuma ne. Muka cire fulogi huɗun, babu mai jiƙe da mai, babu wanda ya yi fari fat fiye da 'yan'uwansa, wanda alama ce ta ruwa na shiga silinda. Bakanike ya sa sifana ya juya kiranshaf da hannu zagaye biyu, yana jin matsin kowace silinda. Aka ba mu garantin sati biyu, aka rubuta lambar injin a rasit. Wannan rasit ɗin a adana shi tare da takardun mota, don lambar da ke takardunka ta tsohon inji ce, wata rana a shingen hanya za a iya tambaya.

Nan ne fa aikin dacewa ya fara, kuma nan ne shawarar da ta fi kowacce amfani take: kada ka sayar da tsohon injinka, kada ka bari a ɗauke ko kusa ɗaya daga jikinsa, sai sabon ya tashi ya yi sati yana aiki. Bulok da tof na sabon sun zauna a kan kujerun inji na motata ba tare da an huda komai ba, giya ta haɗu da shi daidai. Amma motata ta waya ce, shi na lantarki. Sai aka kwance manifol ɗin iska da maƙogwaron totur na tsohon aka ɗaura wa sabon. Wayoyin inji gaba ɗaya na motata aka mayar, haka sensoshi, haka manifol ɗin salansa. Sabon ya fito ne daga mota mai giyar hannu, don haka faifan da ke bayan kiranshaf ma sai da aka sauya da nawa na otomatik. Duk waɗannan a jikin mataccen injin muka same su kyauta. Da na biye wa wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya yi ta zarya tun ranar farko, da sai na koma kasuwa na saye su ɗaya-ɗaya.

Akwai wanda ya ba ni shawara a garejin cewa tunda an sauke inji, in ɗora 2ZR na Corolla 2009 mana, ya fi sabunta. Lita 1.8 ne shi ma, amma gidansu ba ɗaya ba ne. VVT-i ɗinsa biyu ne, na shiga da na fita, kwamfutarsa daban, wayoyinsa daban. Aikin ɗan riwaya ne na kwana da kwanaki, kuma daga ranar motarka ta zama wadda mutum ɗaya ne kawai ya san kanta. Haka 2ZZ-GE, wanda aka yi da hannun Yamaha, mai doki 180 a Celica GT-S, wanda kuma ke cikin Vibe GT. Sunan ya yi kama, amma matsinsa 11.5 ne, fetur mai daraja yake so, a Vibe kuma da giyar hannu mai hawa shida ya zo. Ni da nake kai yara makaranta ba ni da abin yi da shi. Wanda zai nemo wa motarsa 1ZZ, motocin da ake cirowa daga cikinsu su ne Corolla, Matrix, Vibe, Chevrolet Prizm, Celica GT, Avensis, Corolla Verso, da na Jafan irin su Wish da Premio da Allion. Gangar jikin ɗaya ce, abin da aka rataya mata ne ke bambanta daga mota zuwa mota.

Kafin a rufe bonet na sa aka yi abu uku da ba su cikin lissafin farko. Na farko tamostat. Da aka kwance tsohon injin sai muka tarar gidanta fanko, wani ya cire ta tun kafin motar ta zo hannuna, an kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye, da ka murɗa makulli take juyawa. Wannan al'ada ce a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi. Ni yanzu ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tamostat ɗin injin nan a wajen digiri 82 take buɗewa, a wannan zafin aka tsara ya yi aiki. In babu ita, da safe musamman lokacin hunturu inji yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfuta tana ta ƙara masa fetur don a ganinta har yanzu a sanyi yake. Fanka kuma da ke gudu ba hutu ita ce ke fara gajiya, ranar da ta tsaya ba abin da zai gaya maka. Na sa sabuwar tamostat, ɗan riwaya ya mayar da fanka hannun kwamfuta. Na biyu, aka wanke lagireto, aka canja tiyo na sama da na ƙasa, aka zuba ruwan sanyaya inji mai launi maimakon ruwan burtsatse da na saba ɗurawa, wanda shi ne ya cinye bututun ƙarfen tsohon da tsatsa. Na uku, sabon famfon ruwa, tunda inji yana ƙasa aikin minti kaɗan ne.

Yanzu shekara biyu da 'yan watanni, na yi wajen kilomita 50,000 da shi, yawanci cikin gari, sai Kaduna ko Katsina sau ɗaya ko biyu a wata.

Baƙin mai shi ne abin da na fi sa wa ido. Littafin motar 5W-30 ya ce, bakanikena kuma 20W-50 ya saba zubawa kowace mota, ya ce mai kauri shi ke riƙe inji. Mun yi musu sosai. Hujjata ita ce VVT-i da matsin mai yake aiki, ta wani ɗan bawul da ƙaramar rariya a bayansa, kuma mai kauri da sanyin safiya ba ya isa can da wuri. Ya ce, "To Alhaji, motarka ce." Ina zuba 5W-30, wajen lita huɗu yake ci har da filta, ina juyewa duk kilomita 5,000 saboda ƙurarmu da tsayuwar cunkoso. Tsakanin juye da juye sandar awo tana sauka kaɗan, bai kai rabin tazarar da ke tsakanin ɗigo biyun ba. Ban taɓa ƙari a hanya ba. Duk da haka kowace Juma'a da safe sai na zaro sandar, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya koyi lissafi. Tankin lita 50 ne. Daga Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, in na tsaya a kan 100 zuwa 110 da na'urar sanyi a kunne, lita 17 zuwa 18 nake ƙonawa. Cikin gari ya fi haka sosai, kusan lita 11 a kilomita 100 in ana zafi. Bambancin da na gani tsakaninsa da tsohon ya fi fitowa da safe, kuma ina danganta rabinsa da tamostat ɗin nan, ba da injin kansa ba.

Ba zan ce ban taɓa shi ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, injin da ya kusa shekara ashirin dole robobinsa su gaji. A wata na biyar na ga laimar mai ta bayan inji gefen fasinja. Zoben roba ne na abin da ke ɗame sarƙar taimin, sanannen wurin yoyo ne a 1ZZ, kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, aikin bai kai awa ɗaya ba. Da hunturun farko kuma fitilar cek injin ta kama, mota tana rawa da sassafe har sai ta ɗumama. Aka sa na'ura ta nuna P0171, ma'ana iska ta fi fetur yawa. Wani ya ce nozul, wani ya ce famfon mai. Ashe gaskit ɗin manifol ɗin iska ne, tsohon muka mayar don tsumulmula lokacin haɗawa, in an yi sanyi sai ya ƙanƙance iska ta riƙa satar hanya. Aka sa sabo, aka fesa wa sensar iska da ke bayan filta maganin wanki don ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, fitilar ba ta sake kamawa ba. Kwayil ɗaya ya mutu a shekara ta biyu, kowace silinda da nata ne, don haka shi kaɗai aka canja. Fulogi na sa irin wanda aka tsara masa, Denso SK16R11 mai bakin iridiyam, har yau ban sake taɓa su ba. A kula dai, jabunsa ya fi na gaskiya yawa a kasuwa. Iyakar abin da ya ci mini ke nan, ban da mai da filta.

Masu ƙirar 2005 zuwa 2008 akwai abu ɗaya da ya kamata su sani wanda ba na injin ba ne amma ana ɗora masa. A 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya na waɗannan shekarun a Arewacin Amurka, Vibe ma ta shiga, saboda tsagewar da ke iya faruwa a allon kwamfutar inji, wadda kan sa mota ta mutu tana tafiya ko ta ƙi tashi, ko giya ta riƙa dukan shiga. Ba duk motar da ta iso nan aka yi wa gyaran ba. In irin wannan ta fara mutuwa haka kawai, a duba biren bos, wato kwamfutar injin, kafin a yanke wa inji hukunci.

Abin da ba na so a tare da shi, ƙara. Ba injin shiru ba ne, da safe kana jin ƙas-ƙas ɗin bawul, in ya ɗumama ya ragu amma ba ya ɓacewa. Giyar otomatik ɗin hawa huɗu ce kawai, a gudun 120 allurar juyin inji tana wajen 3,000, kuma Vibe ba ta da abin tare sauti mai kauri, sai ka ɗaga murya kana hira da na baya. Wuce tirela a hanya mai layi ɗaya, da mutum biyar da kaya a but da na'urar sanyi, sai ka yi lissafi tun daga nesa. Na kan kashe sanyin in zan wuce. Wanda ya saba da Camry mai lita 2.4 zai ji kamar an ɗaure masa ƙafa. In gudu da shiru kake nema, wannan ba naka ba ne. In kuwa abin da kake so shi ne injin da kowane bakanike daga Sakkwato har Maiduguri ya san cikinsa, wanda kayansa ke kowace kasuwa, wanda fetur ɗin gidajen manmu bai dame shi ba, to ni dai da za a mayar da ni ranar da muka shiga Kofar Ruwa, shi zan sake ɗauka, na 2005 zuwa sama, bayan na leƙa ƙarƙashin murfin bawul.

Tsohon kuwa ya yi wata biyu a kusurwar gareji ana cirar masa kusoshi. Daga baya mai zaryar nan ya zo da kura ya auna shi a sikeli. Na tambaye shi inda za a kai shi, ya ce wurin masu narka alminiyam, tukwane da ludaya za a zuba da shi.